Kadojin da Suka Saci Ayaba

(Kiɗan buɗe shiri)

Gaisuwa ta musamman ga mutanen Danchuwa da sauran yankunan Potiskum, musamman samarin da ke cika shagunan gem da yamma, da iyayen da ke faɗa a kan kuɗin da ke ƙarewa a can. Shirinmu na yau a kan maƙiya ne. Ba na zahiri ba, maƙiyan cikin wasan bidiyo, waɗanda aka ƙera da siffar kada da ƙadangare da kunkuru domin yaro ya yi ta tattake su har batir ya mutu.

Mu fara da ƙabilar da ake kira Kremling. A shekarar 1994 wani kamfani mai suna Rare, da ke ƙauyen Twycross a Ingila, ya yi wa Nintendo na Japan wasan Donkey Kong Country. Jarumin goggon biri ne, dukiyarsa kuwa tulin ayaba a cikin kogo. Dare ɗaya Kremling, kadoji masu tafiya da ƙafa biyu, suka kwashe ta kaf. Shi ke nan labarin. Amma an sayar da wasan fiye da kwafi miliyan 9, kuma kadojin nan suna cikin abin da ya sa aka so shi, domin kowanne da halinsa. Akwai Kritter mai tsalle-tsalle, akwai ɗan ƙaramin Klaptrap wanda baki ne kawai da haƙora, akwai Klump mai tumbi da hular soja, sai Krusha mai ƙwanji, wanda idan wani ƙaramin biri mai suna Diddy ya dira a kansa, ko gezau.

Sarkinsu shi ne King K. Rool: kambi a ka, jan mayafi a kafaɗa, tumbi kamar na zinariya, ido ɗaya ya kumbura ya yi jajir. Mutumin nan, in za a kira shi mutum, ba ya zama a sana'a ɗaya. A 1995 ya dawo a matsayin shugaban 'yan fashin teku. A 1996 ya sa farar rigar masana kimiyya. A 1999 ya ɗaura safar dambe. Da wani kamfani na Texas ya karɓi aikin a 2010 ya cire kadojin gaba ɗaya, masoya wasan suka yi ta ƙorafi shekara da shekaru, har Nintendo ya sa K. Rool cikin wasan Super Smash Bros. Ultimate a 2018. Ka ji maƙiyin da aka yi kewarsa.

(Gajeren kiɗa)

Na san da yawanku za su ce, Malam, mu ba mu san wannan biri ba, mu ƙwallo muke bugawa, sai ko Mortal Kombat. To can ma akwai su. A 1992, Ed Boon da John Tobias na kamfanin Midway a Chikago suka ɓoye wani ɗan faɗa mai koren kaya mai suna Reptile. Ba su zana sabon mutum ba. Scorpion rawaya ne, Sub-Zero shuɗi, sai suka sauya launi zuwa kore, suka haɗa masa dabarun su biyun. Na'urorin lokacin ba su da wurin ajiya mai yawa, sauya launi kuwa kusan kyauta ne. Daga baya ne aka yi masa tarihi: ƙabilarsa ta Zaterra ta kusa ƙarewa, shi kuma yana yi wa azzalumin sarki Shao Kahn bauta da fatan a dawo masa da danginsa. Yana tofa dafi, yana ɓacewa, yana fizgo kan abokin faɗa da harshe.

Me ya sa masu ƙirar ke yawan komawa ga waɗannan halittu? A ganina, suna neman abokin gaba ne da za a kashe sau dubu ba tare da zuciya ta sosu ba. Fuskar kada ba ta nuna tsoro ko roƙo. A ƙarshen 1993 Majalisar Dattawan Amurka ta zauna a kan zubar da jini a wasannin bidiyo, Mortal Kombat na kan gaba a abin da aka tattauna, kuma a 1994 aka kafa hukumar da ke rarraba wasanni bisa shekarun masu yi. Kamfanin da ke son iyaye su saya wa 'ya'yansu kaya ya fi samun kwanciyar hankali idan abin da ake takewa kunkuru ne, kamar sojojin Koopa da Mario ke shura tun 1985.

Mu kuwa a nan ba mu yi musu kuɗin goro ba. Damo sarkin haƙuri ne a bakin Bahaushe. Ƙadangaren bakin tulu ya fi ƙarfin a kira shi maƙiyi: a kashe shi a fasa tulu, a bar shi ya ɓata ruwa. Tsaka ce dai ba ta da mai kare ta, duk inda ta leƙo a bango sai an nemo takalmi. Tsoron na gaskiya na maciji ne, kuma da dalilinsa. Manomin da ke ɗaga damin gero da kaka ya san kububuwa, ya san kasa. Maƙwabtanmu na Jihar Gombe suna da asibiti a Kaltungo da ya shahara a kan maganin saran maciji, kuma lokacin aikin gona ne gadajensa ke cika.

Sannan muna da labarin da ko Nintendo zai yi sha'awarsa. A Daura, maciji mai suna Sarki ya tare rijiyar Kusugu, ba a ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Wani baƙo mai suna Bayajidda ya iso da dare, ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa aka ce babu. Ya ɗauki guga ya tafi, ya sare kan macijin, ya ɓoye shi. Da gari ya waye masu ƙarya suka yi ta bugun ƙirji, sai wanda ya fito da kan ya auri Sarauniya Daurama. Ga jarumi, ga babban maƙiyi a ƙarshen hanya, ga lada. Rijiyar tana nan a Daura har yau, ana zuwa ganinta.

Don haka tambayata ga samarin Danchuwa da ke koyon kwamfuta: in an ba ku aikin mayar da Bayajidda wasan bidiyo, su wa za ku sa su tsare hanya kafin a kai Kusugu? Guza ne, ko hawainiya, ko kumurci? Damo kuma, a ɓangaren wa zai tsaya? Ku aiko mana da amsoshinku, za mu karanta su a shiri na gaba. Sai mun ji daga gare ku, a huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)