Dawowa Daga Sudan: Abin Da Ke Biyo Bayan Sannu Da Zuwa

Yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilun 2023, ana cikin azumi, tsakanin sojojin Janar Abdel Fattah al-Burhan da dakarun RSF na Hemedti. Mu a nan ɗalibanmu muka fi sa wa ido, musamman na Jami'ar Afirka. An kwashe su a bas-bas, wasu zuwa iyakar Masar inda suka yi kwanaki a sarari, wasu zuwa Port Sudan, kuma a farkon Mayu jirage suka fara sauke su a Abuja. Waɗannan sun dawo ɗakunan da suka bari, iyayensu na jiran su. Akwai wasu masu dawowar da ba a nuna a talabijin ba, waɗanda suka yi shekara arba'in ko hamsin a can, da 'ya'yansu da ba su taɓa taka ƙasar Hausa ba. Gwaggona na cikinsu.

Zaman Hausawa a Sudan tsohon zama ne. Hanyar Makka ta ƙasa ce ta kai su: daga Kano zuwa Maiduguri, a ratsa Chadi ta Abeche, a shiga Darfur, a bi ta El Obeid har bakin Bahar Maliya. Tafiya ce ta shekaru, guzuri na ƙarewa, sai a tsaya a yi ƙwadago. Bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Mai Wurno ya ci gaba da jama'a har kusa da Sennar, inda garin da ke ɗauke da sunansa yake har yau. Da aka buɗe gonakin audugar Jazira a 1925, aiki ya samu, mutane da yawa suka yada zango na dindindin. Gwaggo ta bi mijinta a farkon shekarun 1970 da niyyar hajji. Sun sauke farali, a hanyar dawowa suka tsaya a Wad Madani, nan ta haifi 'ya'yanta, nan ta binne shi. Sai da RSF suka shiga garin a Disambar 2023 ta fito, dangi suka haɗa mata kuɗin hanya.

Makon farko gidanmu ya cika. An yanka rago, tsofaffi sun yi kuka, an yi ta lissafin wanda ya rasu da wanda ke raye. Abin da ba mu shirya masa ba shi ne watan da ya biyo baya.

Ta bar ƙasar da ake ciniki da fam da sule, domin naira ba ta fito ba sai Janairun 1973. Ƙauyen da aka haife ta yana Jihar Kano lokacin da ta tafi, tun 1991 kuwa ya faɗa Jigawa. Ƙaramar hukumar da za ta ba ta shaidar asali babu ita sa'ad da ta bar gida. Yau ba a buɗe asusun banki ko yin rajistar layin waya sai da lambar NIN, ita kuma duk takardunta da Larabci suke. Na raka jikanta wani ofishi, ma'aikacin ya ji harshensa ya ce, "Kai ai ba ɗan ƙasar nan ba ne." Yaron ya yi shiru. A Sudan ma abin da ya saba ji ke nan: Fallata, Takari, baƙi. A Yulin 2022 an zubar da jini a jihar Blue Nile kan batun ƙasa, da hujjar cewa Hausawa ba 'yan asalin wurin ba ne. Sai da dagacin ƙauyenmu ya shaida sunan kakan yaron sannan aka saurare mu. Duk wanda ke da mai dawowa a gida, ya fara da wannan: a nemi dattawan da suka san iyayensa tun suna da rai, a rubuta shaidarsu.

Sai maganar da aka fi gudu, wato gado. Lokacin da kakanmu ya rasu, an raba gona da gida, aka ce wadda ke Sudan ai ta yi nisa. Kasonta ya narke cikin na 'yan'uwanta, wani ɓangaren ma an sayar. Da ta tambaya, cikin ladabi, sai wani ya ja mata karin maganar nan, kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ban yarda ba, kuma malamin da muka kai wa maganar bai yarda ba. Nisa ba ya soke gado, daɗewa ma ba ta soke shi. An daidaita a ƙarshe, an ba ta fili, amma na san gidajen da wannan magana ta raba zumunci, mai dawowa ya koma haya a bayan gari alhali gidan ubansa na tsaye.

Akwai kuma zaton da ke zuciyar mutane cewa duk wanda ya fito daga waje da abin hannunsa ya zo. "Ina tsaraba?" wasa ne a bakinmu, amma ga matar da ta bar gidanta da kayan jikinta da laffaya biyu, tambaya ce mai ciwo. Ta kuma iso ne bayan cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, lokacin da mu kanmu kwanon masara ke neman gagarar mu. Babban ɗanta, wanda ke da shagon ɗinki a Madani, sai da ya koma yaron shago a ƙarƙashin wanda ya haifa a shekaru.

Sauran abubuwan ƙanana ne, su ne kuma na kullum. Cikinta ya saba da kisra da ful, tuwon dare na yi mata nauyi. Da la'asar takan soya gahawa, ta dafa da citta, ta jira maƙwabta su shigo kamar yadda ake yi a can, ba mai shigowa. Jikokinta mata na magana da Larabci a tsakaninsu, yaran unguwa na kiran su 'yan Sudan. A Islamiyya su ne kan gaba, a boko kuwa an mayar da su aji biyu baya saboda Turanci. Yanzu tana haɗa turaren wuta da humra irin na Sudan, matan unguwa na saye, kuma ta nan ne ta fara samun ƙawaye.

Sojoji sun ƙwato Wad Madani a Janairun 2025, tun daga nan gidan ya rabu biyu. 'Ya'yan maza na son komawa su ga abin da ya rage na shago da gida. Ita ta ce shekarunta sun wuce wata doguwar tafiyar, a nan take so a binne ta kusa da iyayenta. Ƙaramin ya riga ya tafi dubawa, babban yana jiran ya ji daga gare shi kafin ya taɓa karatun yara.