Ɓargon Ƙashi da Gyaran Jijiyoyin Jini a Ciwon Zuciya

1.0 Gabatarwa

Zuciya tsoka ce, kuma akwai jijiyoyi na musamman da ke shayar da ita jini. Idan kitse da gudan jini suka toshe ɗaya daga cikinsu, sashen tsokar da take shayarwa yakan mutu, tabo ya maye gurbinsa. Shi kuwa tabo ba ya harba jini. Wannan takarda za ta duba ƙoƙarin da likitoci suka yi na gyara wannan ɓarna da ɓargon majiyyaci, da kuma inda ƙoƙarin ya tsaya.

2.0 Dalilin zaɓen ɓargo

Ɓargo shi ne abu mai laushi da ke cikin ƙashi, inda jiki yake ƙera jini. A cikinsa akwai ƙwayoyin tushe, wato ƙwayoyin halitta waɗanda ba su riga sun kama aiki guda ba, suna iya hayayyafa su rikiɗa zuwa wasu ire-iren ƙwayoyi. A shekarar 1997, Takayuki Asahara da abokan aikinsa a birnin Boston na Amurka suka ba da rahoton cewa a jinin babban mutum akwai ƙwayoyin da za su iya zama shimfiɗar cikin jijiya. Daga baya aka danganta asalinsu da ɓargo. A 2001 kuma, wani gwaji a kan ɓeraye ya yi iƙirarin cewa ƙwayoyin ɓargo suna zama sabuwar tsokar zuciya.

3.0 Yadda ake aikin

A wannan shekara ta 2001 ce Bodo Strauer ya gwada hanyar a kan majiyyaci a Dusseldorf ta ƙasar Jamus. Da farko ana zuƙo ɓargo daga ƙashin ƙugu da allura, a tace shi a ware ƙwayoyin da ake so. Sannan a zura siririn bututu ta jijiya har zuwa wadda aka buɗe a zuciya, a zuba su. Da yake ɓargon na mutumin ne, jikinsa ba ya ƙin sa.

4.0 Abin da gwaje-gwaje suka nuna

Likitoci kan auna ƙarfin zuciya da kason jinin da take fitarwa a kowane bugu. A gwajin REPAIR-AMI na Jamus, wanda aka wallafa a 2006 da majiyyata 204, wannan kaso ya ƙaru da maki 5.5 ga waɗanda aka zuba wa ƙwayoyin, da maki 3 ga sauran. Amma gwajin ASTAMI na ƙasar Norway, a shekarar, bai ga bambanci ba. Tun a 2004 ma wasu masana sun sake gwajin ɓeraye, suka tarar ƙwayoyin ba sa zama tsoka. Yawancinsu ba sa ma daɗewa a cikin zuciyar. Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne, suna fitar da sinadaran da ke taimaka wa ƙananan jijiyoyi su tofo, su kuma daidaita kumburi.

Babban gwajin Turai mai suna BAMI ya so ya gano ko hanyar tana rage mutuwa. An tsara majiyyata 3,000, aka samu 375 kacal, saboda haka sakamakonsa na 2020 bai raba gardama ba.

5.0 Kammalawa

Gwaje-gwajen sun nuna hanyar ba ta da haɗari mai yawa, sai dai amfaninta kaɗan ne, kuma bai tabbata ba. Don haka ba ta shiga cikin magungunan da aka amince da su ba. Abin da aka tabbatar yana ceton rai shi ne gaggauta buɗe jijiyar da ta toshe, da shan magani, da kula da hawan jini da ciwon suga, da barin taba. Duk asibitin da ya nemi maƙudan kuɗi da alkawarin sabunta zuciya da ɓargo, to ya faɗi abin da bincike bai faɗa ba.