Matsalar Ɗaukar Ɗalibai 'Yan Asalin Asiya a Manyan Jami'o'in Amurka

1.0 Gabatarwa

Duk inda masu neman abu suka fi abin yawa, tilas a nemi ma'aunin da za a raba shi, kuma da wuya a rasa gardama a kan ma'aunin. Gurbin karatu a babbar jami'a yana cikin irin waɗannan abubuwa. A wannan takarda za mu dubi wata muhawara da aka shafe kimanin shekara 40 ana yi a Amurka, watau ko ana tauye wa ɗalibai 'yan asalin Asiya haƙƙinsu wajen shiga jami'o'in da suka fi wuyar shiga, irin su Harvard da Yale da Princeton. Ɗaliban da muke nufi 'yan ƙasa ne, waɗanda iyayensu ko kakanninsu suka fito daga Sin ko Indiya ko Koriya ko Japan ko Filifin ko Biyetnam da makamantansu. Jimillar 'yan asalin Asiya kuwa kimanin kashi 7 ce cikin ɗari na mutanen Amurka.

Ra'ayinmu shi ne tambayoyi biyu aka cakuɗa a wannan muhawara. Ta farko: shin fifikon da aka riƙa ba baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka ya rage wa 'yan Asiya gurabe? Ta biyu: shin ɗan Asiya da farar fata, in sun zo da sakamako iri ɗaya, damarsu ɗaya ce? Za mu nuna cewa kotu ta amsa ta farko, amma ta biyu tana nan daram.

2.0 Tushen Matsalar

Ruwa ba ya tsami banza. Zargin da 'yan Asiya suke yi yana da tarihi, kuma ba a kansu abin ya fara ba. A shekarar 1922 Yahudawa sun zarce kashi 20 cikin ɗari na sababbin ɗaliban Harvard, sai shugaban jami'ar na lokacin, A. Lawrence Lowell, ya nemi a ƙayyade yawansu. Malaman jami'ar suka ƙi amincewa da ƙayyadewa a fili. Saboda haka aka bi ta bayan gida: aka rage dogara ga sakamakon jarrabawa, aka shigo da auna “hali” da “ɗabi'a” ta hanyar takardun shaida da ganawa da ɗalibi. Cikin 'yan shekaru yawan Yahudawa ya ragu. Masanin zamantakewa Jerome Karabel ya bi diddigin wannan tarihi a littafin da ya wallafa a 2005.

Su kuwa 'yan Asiya, dokokin shige da fice sun daɗe da toshe musu ƙofa, tun daga dokar 1882 wadda ta hana 'yan ƙwadagon Sin shiga ƙasar. Dokar 1965 ce ta buɗe ƙofar, kuma da yawa daga waɗanda suka shigo bayanta likitoci ne da injiniyoyi da masu zurfin ilmi. Da 'ya'yansu suka isa shiga jami'a a shekarun 1980, sai aka lura masu nema suna ƙaruwa ainun, amma waɗanda ake ɗauka ba sa ƙaruwa daidai da haka. An yi bincike a Brown da Stanford da Berkeley, har shugaban Berkeley, Ira Michael Heyman, ya nemi gafarar 'yan Asiya a 1989. Ma'aikatar Ilmi ta Amurka ta binciki Harvard daga 1988 zuwa 1990, ta wanke ta daga laifin wariya, ta ce bambancin da ake gani ya samo asali ne daga fifikon da ake ba 'yan wasa da 'ya'yan tsofaffin ɗalibai. Muna roƙon a riƙe wannan batu, domin za mu komo kansa.

A ɗaya gefen, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Bakke a 1978 cewa haramun ne a ware wa wata ƙabila gurabe ƙididdigaggu, amma ya halatta a dubi launin fata a matsayin abu guda cikin abubuwa da dama, don a sami ɗalibai iri-iri. Kotun ta sake jaddada wannan a shari'ar Grutter a 2003. Wannan shi ne abin da za mu riƙa kira tsarin fifiko.

3.0 Shari'ar Harvard

A watan Nuwamba na 2014 wata ƙungiya mai suna Students for Fair Admissions, wadda Edward Blum ya kafa, ta kai ƙarar Harvard a kotun tarayya da ke Boston. Amfanin wannan shari'a ga mai nazari shi ne ta tilasta wa jami'ar fito da bayanan masu nema kimanin 160,000 na shekara shida, abin da ba a taɓa gani ba.

Bayanan sun nuna ma'aikatan ofishin ɗaukar ɗalibai suna ba kowane mai nema maki a fanni huɗu: karatu, ayyukan da ba na aji ba, wasanni, da kuma hali. Makin hali ya ƙunshi abubuwa kamar kirki da jarunta da farin jini da iya zama da mutane. 'Yan Asiya sun fi kowa a makin karatu, sun kuma yi fice a ayyukan da ba na aji ba, amma su ne na ƙarshe a makin hali. Abin lura a nan shi ne tsofaffin ɗaliban jami'ar, waɗanda su ne suke ganawa da masu nema ido da ido, sun ba 'yan Asiya makin hali kusan daidai da na fararen fata. Ma'aikatan ofis, waɗanda galibi takardu kawai suke karantawa, su ne suka mai da su baya.

Har ila yau an gano wani lissafi da ofishin bincike na Harvard kansa ya yi a 2013. Lissafin ya nuna da karatu kaɗai ake dubawa, da 'yan Asiya sun kai kashi 43 cikin ɗari na waɗanda ake ɗauka, alhali a zahiri kashi 19 ne.

Kowane ɓangare ya kawo masanin tattalin arziki. Peter Arcidiacono na Jami'ar Duke, wanda masu ƙara suka kawo, ya ce ɗalibi namiji ɗan Asiya mai damar shiga kashi 25 cikin ɗari, da farar fata ne da damarsa ta kai 35, da ɗan Latin Amurka ne 75, da baƙar fata ne 95. David Card na Berkeley, wanda Harvard ta kawo, ya ce bai ga wani bambanci mai ƙarfi tsakanin ɗan Asiya da farar fata ba. Yaya masana biyu za su dubi alƙaluma ɗaya su saɓa haka? Amsar tana ga abin da kowannensu ya sa a lissafi. Arcidiacono ya cire makin hali, domin a ganinsa makin kansa ne ya gurɓata da son zuciya, ya kuma ware 'yan wasa da 'ya'yan gata. Card ya bar su duka a ciki, yana mai cewa haka jami'ar take aiki. Ke nan gardamar ba ta iya lissafi ba ce. Ta tsaya ne a kan ko makin hali ma'auni ne na gaskiya ko kuwa mayafi ne.

A 2019 mai shari'a Allison Burroughs ta ba Harvard gaskiya. Ta yarda cewa 'yan Asiya suna samun makin hali ƙasa da na sauran, ta kuma ce mai yiwuwa takardun shaida na malaman sakandare ko son zuciyar da mutum bai san yana da shi ba sun taimaka, amma ba ta sami hujjar wariya da gangan ba. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin a 2020.

4.0 Shafaffu da Mai

Yanzu sai mu komo ga batun da muka ajiye. Akwai rukuni huɗu da Harvard take ba gata na musamman: 'yan wasan da masu horarwa suka zaɓo, 'ya'yan tsofaffin ɗalibai, 'ya'yan malamai da ma'aikata, da waɗanda sunansu yake cikin jerin shugaban tsangaya, inda 'ya'yan masu ba jami'a gudummawar kuɗi suke. Alƙaluman shari'ar sun nuna ana ɗaukar kimanin ɗaya cikin uku na 'ya'yan tsofaffin ɗalibai, alhali ga sauran masu nema abin bai wuce shida cikin ɗari ba. Arcidiacono da abokan aikinsa sun lissafa cewa kashi 43 cikin ɗari na fararen fatan da aka ɗauka daga waɗannan rukunoni suka fito, amma a tsakanin 'yan Asiya da baƙaƙen fata da 'yan Latin Amurka adadin bai kai kashi 16 ba.

Dalilin a fili yake. Ɗan wanda ya shigo ƙasa bayan 1965 da wuya a ce kakansa ya yi Harvard, kuma wasanni irin su tseren kwale-kwale sun fi yawa a makarantun masu hannu da shuni. Wani nazari da Sharad Goel da abokansa suka fitar a 2023, wanda ya dubi manyan jami'o'i da dama, ya nuna damar ɗan Asiya ta shiga ɗaya daga cikinsu ta gaza ta takwaransa farar fata mai sakamako irin nasa da kashi 28 cikin ɗari, ga 'yan asalin kudancin Asiya kuwa da kashi 49. Sun danganta wani ɓangare na giɓin ga gatan 'ya'yan tsofaffin ɗalibai, da kuma fifita masu nema daga yankunan da 'yan Asiya ba su da yawa.

5.0 Hukuncin 2023 da Abin da Ya Biyo Baya

Ran 29 ga Yuni, 2023, Kotun Ƙoli ta soke tsarin fifiko a Harvard da Jami'ar North Carolina. Alƙalin alƙalai John Roberts ya kafa hujja da cewa gurabe ƙididdigaggu ne, abin da aka ƙara wa wani an rage wa wani ke nan, ya kuma ambaci cewa duba launin fata ya rage yawan 'yan Asiyan da Harvard take ɗauka da kashi 11.1 cikin ɗari. Da wannan aka amsa tambayarmu ta farko. Amma hukuncin bai taɓa gatan rukunonin nan huɗu ba, bai kuma hana ba da makin hali ba. An kashe maciji ba a sare kansa ba.

Sakamakon ɗaukar 2024 ya fito da wannan fili. A MIT, wadda ba ta ba 'ya'yan tsofaffin ɗalibai gata, 'yan Asiya sun tashi daga kashi 40 zuwa 47, baƙaƙen fata kuma suka faɗo daga 13 zuwa 5. A Harvard 'yan Asiya sun tsaya a kashi 37. A Yale kuwa raguwa suka yi, daga 30 zuwa 24. Shekara guda ba ta isa a yanke hukunci da ita ba, amma ta isa ta nuna cewa soke tsarin fifiko kaɗai bai warware matsalar ba. Wasu jami'o'i, kamar Johns Hopkins da Amherst, sun daina ba 'ya'yan tsofaffin ɗalibai gata tun kafin hukuncin, Jihar Kalifoniya kuma ta kafa dokar hana shi a jami'o'i masu zaman kansu a 2024.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata muna iya cewa lalle ɗalibi ɗan asalin Asiya ya fuskanci cikas, kuma cikas ɗin iri biyu ne. Akwai na sarari, watau tsarin fifiko, wanda aka kafa da nufin ɗaga waɗanda bauta da wariya suka danne, kuma soke shi ya jawo wa baƙaƙen fata asarar gurabe. Akwai kuma na ɓoye, watau gatan gado da makin hali, wanda ribarsa ta fi komawa ga waɗanda dama can suke gaba. Na sarari aka soke, na ɓoye yana nan.

Wannan batu bai yi nisa da mu ba. A jami'o'in tarayya na Nijeriya ana raba gurabe kashi 45 bisa cancanta, 35 ga yankin da jami'a take, 20 ga jihohin da suke baya a ilmin zamani. Kome za a ce game da wannan tsari, a rubuce yake, wanda bai gamsu ba yana iya nuna shi da yatsa ya yi gardama. Abin tsoro shi ne ma'aunin da ba a rubuta ba: takardar alfarma daga wani babba, ko gurbin ɗan ma'aikaci, ko makin ganawa da ba wanda yake bin diddiginsa. Mu malamai, da muke zama a kwamitocin ɗaukar ɗalibai muna rubuta takardun shaida, ya kamata mu riƙa ajiye alƙaluman makin da muke bayarwa, mu riƙa duba su lokaci lokaci, mu ga wa suke ɗagawa, wa suke kayarwa. Harvard ta ga nata alƙaluman tun 2013, amma duniya ba ta gan su ba sai da kotu ta sa baki.