Sauyin Yanayi da Makamashi Mai Sabuntawa: Darasi Daga Tudun Wadar Minna

Gabatarwa

Ni ba Bahaushe ba ne, a unguwarmu ta Tudun Wada da ke Minna na koyi Hausa, wajen wasa da kuma kasuwa. A nan ne na fara jin dattawa suna cewa "damina ta canza hali." Wannan maƙala za ta yi bayanin abin da ke bayan wannan magana tasu, da yadda ta shafi wutar da muke kunnawa a gidajenmu.

Mene Ne Sauyin Yanayi?

Sauyin yanayi shi ne canjin da ake samu a tsarin zafi da sanyi da ruwan sama na wuri a tsawon shekaru masu yawa. Zafin rana ɗaya ko fari na shekara guda bai isa a kira shi haka ba. Babban dalilinsa shi ne ƙona fetur da gas da kwal, sai kuma sare itatuwa. Hayaƙin da ke fita yana ɗauke da iskar kabon, wadda ke taruwa a sararin sama ta riƙe zafin rana, kamar yadda bargo ke riƙe ɗumin jiki. Itatuwa ne ke shanye wannan iska, don haka duk bishiyar da aka mayar gawayi hasara biyu ce.

Illolinsa a Ƙasarmu

Idan iska ta yi ɗumi, takan ɗauki ruwa mai yawa ta zubar da shi a lokaci guda. Shi ya sa ake ganin fari a wani wuri, ambaliya a wani. A shekarar 2022 ambaliya ta kashe mutane fiye da 600 a Nijeriya. A watan Mayun 2025 kuwa, ruwa ya ci garin Mokwa na Jihar Neja, inda fiye da mutane 150 suka rasu. Gaskiya ne toshewar magudanan ruwa da gini a kan hanyar ruwa suna ƙara ɓarna, amma ruwan sama mai ƙarfi shi ne mafari.

Makamashi Mai Sabuntawa

Wannan shi ne makamashin da tushensa ba ya ƙarewa, kamar hasken rana da iska da ruwa mai gudu. Jihar Neja ba baƙuwa ba ce a nan. Madatsar Kainji ta fara aiki a 1968, ta Jebba a 1985, duka a kan kogin Neja. A kan kogin Kaduna akwai ta Shiroro mai megawat 600, wadda aka buɗe a 1990, da ta Zungeru mai megawat 700 da aka kammala a 2023. Ruwa ne ke juya injinan, ba a ƙona komai.

To, mai karatu zai tambaya, me ya sa mutanen da ke maƙwabtaka da waɗannan madatsu suke kwana a duhu? Amsa ita ce wutar tana shiga babban layin ƙasa ne a raba ta ga jihohi, kuma wayoyi da taransifomomin da ke kai ta gidaje sun tsufa. Sannan madatsar ita ma da damina ta dogara: idan ruwa ya ja baya, wuta ta ragu, idan ya yi yawa, dole a saki, ƙauyukan da ke ƙasa su sha wahala.

Komawa ga Hasken Rana

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, janareta ya zama sai mai hali. A unguwarmu masu cajin waya da masu aski da masu sayar da ruwan sanyi da dama sun koma sola. Faifan sola yana mayar da hasken rana lantarki, batir ya adana, inbata ta juya shi yadda firji da fanka za su iya amfani da shi. A 2019 an buɗe ƙaramar tashar sola a ƙauyen Rokota na Ƙaramar Hukumar Edati, ƙarƙashin shirin Hukumar Samar da Wutar Lantarki a Karkara. Matsalar sola ita ce tsadar sayen farko, da jabun kaya, da batir da ke mutuwa bayan 'yan shekaru. Ƙurar hunturu ma tana rage ƙarfin faifan idan ba a goge shi.

Kammalawa

Nijeriya ta sa hannu a Yarjejeniyar Paris ta 2015, kuma a taron Glasgow na 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alƙawarin cewa kafin 2060 ƙasar za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take shanyewa. Amma manomin Bosso da mai gawayin kasuwar Kure ba su san da wannan alƙawari ba, domin yawancin bayanin da Turanci yake. A nan ne aikinmu yake, mu ɗaliban harshe. Mu daidaita kalmomin wannan fanni, mu fassara hasashen damina zuwa Hausa da Nufanci da Gwaranci, mu kai shi rediyo kafin manomi ya yi shuka. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.