"Da Yardarta Aka Yi": Hujjar da Ba Ta Wanke Mutum a Kotu

Wayar salula ta shigo da wata ɗabi'a da Turawa ke taƙaita sunanta da BDSM, wato mutum biyu baligai su amince wa juna da ɗauri, bulala ko shaƙe wuya a lokacin kwanciya. Masu sha'awarta suna cewa tunda an yarda, babu ruwan hukuma. Bahaushen da ke zaune a Fatakwal, Anacha ko Garki ta Inugu ya kamata ya san cewa dokar da ke kansa ba haka ta ce ba. Jihohin Ribas, Anambara da Inugu ba sa aiki da Final Kod ta Arewa, balle dokokin shari'ar Musulunci da Zamfara ta fara aiwatarwa a 2000. Dokokinsu sun samo asali ne daga kundin laifuka na 1916, wanda sashensa na 253 ya bayyana cewa taɓa jikin mutum da ƙarfi yana iya zama laifi ko da shi ya amince. Raunata mutum yana jawo ɗaurin shekara 3, mummunan rauni kuwa shekara 7. Sashe na 299 ya ƙara da cewa amincewar mutum a kashe shi ba ta rage wa wanda ya kashe shi komai.

Shari'ar da ta fi shahara kan wannan batu a Ingila aka yi ta. A 1993 kotun ƙolin ƙasar ta wancan lokaci ta tabbatar da hukunci a kan wasu maza da suka riƙa raunata juna don jin daɗi, alhali babu wanda ya kai ƙara a cikinsu. Faifan bidiyonsu ne ya faɗa hannun 'yan sanda. Alƙalai 3 suka ce laifi ne, 2 suka ce a'a. Kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ma ta ƙi goyon bayansu a 1997. Hukuncin Ingila ba ya ɗaure alƙalin Najeriya, amma lauyoyinmu suna kafa hujja da irinsa, kuma ya dace da kundin 1916.

Wani zai ce, to dambe fa, ko sharon Fulani? Ai can ma da yarda ake fasa baki, ana tsaga baya da tsumagiya. Gaskiya ne, sai dai dambe a fili ake yin sa, ga alƙalin wasa, ga ɗaruruwan idanu, kuma da ɗan dambe ya kai ƙasa an raba. A cikin ɗaki babu mai rabawa. Wadda aka shaƙe wa wuya ba ta da bakin cewa ya isa, idan kuma ta mutu, wanda ya shaƙe ta ne kaɗai zai ba da labari. Shi ya sa a 2021 Ingila ta rubuta a doka cewa amincewa don jin daɗin kwanciya ba ta zama kariya ga wanda ya yi mummunan rauni. Wani kuma zai ce sirrin ma'aurata ba na hukuma ba ne. Haka ne, ɗan sanda ba ya leƙen ɗakin kowa. Amma ranar da aka kwashi mace zuwa asibiti da karyayyen haƙarƙari, sirri ya ƙare. A zangon Kudu, inda matar aure kan yi nisa da iyaye da dangi, ta dogara ga miji a ci da sha, "na yarda" sau da yawa tsoro ne kawai. Malaman fiƙihu ma sun daɗe da kafa ƙa'idar hana cutar da kai ko cutar da wani.

Saboda haka sarakunan Hausawa da limaman unguwanni kada su kashe irin wannan magana da sulhu idan jini ya zuba. Duk wanda ya ji wa abokin zamansa mummunan rauni, alƙali raunin zai duba, ba alkawarin da aka yi a ɗaki ba.