Mai jego, kar ki ari ƙwayar tazarar haihuwa a wurin maƙwabciya

Uwargida, idan an miƙo miki katin ƙwayar tazarar haihuwa, ki tambaya: sinadari ɗaya ne a ciki ko biyu? Na sha ganin mai jego ta karɓi ragowar ta ƙawarta, alhali ba irin wadda ta dace da ita ba ce.

Mai sinadari biyu, irin su Microgynon, tana ɗauke da istrojin da furojestin. Su biyun suna kwaikwayon sinadaran da jikinki ke yi da kansa, sai ƙwaƙwalwa ta daina aika saƙon a saki ƙwai. Ba ƙwai, ba ciki.

Sai dai istrojin yana bi ta hanta, ya sa ta ƙara yin abubuwan da ke daskarar da jini. Mai jego kuwa dama jininta na saurin yin guda, wanda zai iya toshe jijiyar ƙafa ko ta huhu. Yana kuma iya rage ruwan nono. Shi ya sa ba a ba mai shayarwa ita a makonni 6 na farko, an ma fi so ta jira yaro ya kai wata 6. Mai hawan jini, da mai ciwon ɓarin kai da ke fara mata da ganin walƙiya, su ma ba tasu ba ce.

Mai furojestin kaɗai, irin su Microlut, ba ta taɓa nono. Babban aikinta shi ne kaurara ruwan bakin mahaifa yadda maniyyi ba zai wuce ba. Amma fa ba ta da haƙuri: kaurin nan ba ya daɗewa, jinkirin da ya wuce awa 3 ya isa ya buɗe ƙofa. Ki haɗa ta da sallar da ba kya makara.

Allurar Depo ta wata 3 da ashanar fata su ma furojestin ne. Al'ada kan rikice ko ta ɗauke. Ba jini ne ya taru ba, shimfiɗar mahaifa ce ta yi siriri. Bayan barin allura, ciki kan yi jinkiri har kusan shekara.

In kina shan rifampicin na tarin fuka ko wasu magungunan farfaɗiya, ki faɗa a asibiti, domin suna sa hanta ta yi saurin narkar da sinadarin ƙwaya da na ashana. Allurar Depo dai ba su rage mata ƙarfi.