Gyaɗa, Riɗi da Maganar Antioksidan: Gaskiya da Ƙarin Gishiri

Daga kasuwar Sabon Gari zuwa shagunan magungunan gargajiya na Fagge, ana tallar gyaɗa da riɗi da man habbatus-sauda da cewa suna ɗauke da antioksidan, wato sinadaran da ke rage ɓarnar da iskar oksijin take yi wa ƙwayoyin halittar jiki, kuma daga nan wasu suke zarcewa da cewa suna warkar da ciwon daji da ciwon suga da hawan jini.

Kashin farko na maganar gaskiya ne. Gyaɗa tana da bitamin E, jar fatar da ake murjewa a zubar bayan suya kuwa ta fi ƙwayar yawan sinadaran polifenol, yayin da riɗi yake da sesamin da sesamol, waɗanda suke sa mansa ya daɗe bai lalace ba. Gaskiya ne kuma cewa almon da ake shigowa da shi ya ninka gyaɗa bitamin E kusan sau uku, sai dai tsadarsa ba ta mayar da gyaɗa abin rainawa ba.

Batun warkarwa ne ba shi da tushe. Ƙarfin da sinadari ya nuna a ɗakin gwaji ba shi ne aikinsa a jikin mutum ba, shi ya sa a 2012 Ma'aikatar Noma ta Amurka ta janye jadawalin da take jera abinci bisa wannan ƙarfi, bayan da 'yan kasuwa suka mayar da shi abin talla. A 2011 kuma wani babban bincike a can ya gano cewa maza masu shan ƙwayar bitamin E sun fi kamuwa da dajin firostet da kashi 17 cikin 100. Don haka mai suga ko hawan jini da ya ajiye maganin asibiti saboda kwalbar mai ya jefa kansa cikin haɗari.

Abin da ba a cika faɗa ba, alhali ya fi cancantar damuwa, shi ne aflatoksin, gubar da funfuna ke haifarwa a gyaɗar da ta sha danshi a ajiya, wadda ke jawo dajin hanta, kuma suya ba ta kawar da ita, ko a ƙuli-ƙuli. Mai saye ya duba gyaɗa da kyau, ya guji wadda ta yi funfuna, ko ta yamutse, ko take ɗaci.